Tambayi Injiniya: Haɗa wayar injin laima da fanes

TAMBAYA: Salam Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ina zaune a Winifeg ta Kanada da iyalina, tun da sanyi ya shigo muka kunna fanes ɗin ɗumama gida iska ta bushe ƙayau kamar tsakiyar hunturu a Kano, yara sai haɓo, leɓe duk ya tsage. Na sayo injin laima (mai ƙara wa iska danshi) na gida gaba ɗaya, Aprilaire 600, na kafa shi a jikin bututun iska na ja masa ruwa, wayar ce ta tsaya min. A bod ɗin fanes na ga R, C, W, Y, G da wani HUM. Ina zan sa wayoyi biyu na injin laimar?
Daga wani mai karatu, Winifeg.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba yara lafiya. Kafin ka taɓa komai kashe wutar fanes daga bireka, don ko ɗan kuskure wayar R (mai kawo wutar bolt 24) ta gogi C (inda wutar take komawa) fiyus ɗin bod ya tafi kenan, galibi ɗan ƙarami ne mai amp 3 irin na mota, kuma ba ka so gida ya kwana ba ɗumi a sanyin lardinku na Manitoba.

Toh abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan HUM ɗin, wato wurin haɗa injin laima, don nan mutane suke ƙona kayansu. Sunan ɗaya ne amma wutar ba ɗaya ba ce, a wasu fanes bolt 24 yake bayarwa, a wasu kuma bolt 120 ne cif, shi kuma bawul ɗin ruwan injinka na bolt 24 ne, ka ba shi 120 ya ƙone nan take. Kar ka yi canke. Duba zanen wayoyi da ke manne a bayan murfin fanes, sannan ka sa mita ka auna da kanka lokacin da fanes yake aiki fankarsa na juyawa, tunda yawanci sai a lokacin wuta take zuwa wurin. Akwai ɗan makunni a bakin murfin da yake yanke wuta in an buɗe, sai an danne shi za ka iya awo, to a nan wutar 120 tana nan a buɗe, in hannunka bai saba ba wallahi gara ka kira mai gyaran fanes ya yi maka wannan ɓangaren.

In awo ya nuna 24, kuma humidistat ɗinka, wato na'urar da ke auna laima ta kunna injin ko ta kashe shi, mai maɓallin murɗawa ne na hannu, aikin layi ɗaya ne: waya daga HUM zuwa humidistat, daga ɗaya ƙafar humidistat zuwa bawul, ɗaya wayar bawul ta koma C. Waya mai lamba 18 ta ishe ka. In kuma 120 ne sai ka ɗaura ɗan taransifoman da ya zo a kwalin tsakanin HUM da nutural (wayar da wutar 120 take komawa ta ciki), shi zai sauke wutar zuwa 24, daga nan ka bi layin da na faɗa. Idan humidistat mai allon dijital ne ya zo maka, shi yana son wutar 24 da ba ta yankewa a R da C nasa, ga kuma ɗan sensa mai auna sanyi da ake fitarwa waje, to bi zanen littafinsa.

Wasu suna ɗauka daga W da C kawai. Yana aiki, amma W tana samun wuta da zarar tamostat, na'urar saita zafin gida, ya nemi zafi tun fanka ba ta tashi ba, ruwa ya yi ta zuba a banza, ni na fi son HUM ko a sa rele, wato makunni mai kunna kansa, mai gane cewa fanka ta tashi. R da C kai tsaye kuwa da humidistat na hannu kar ka soma, bawul zai iya buɗewa ko fanes a kashe yake.

Humidistat ɗin a bututun iskar da ke dawowa daga ɗakuna ake kafa shi, kafin wurin da laimar injin take shiga, in ba haka ba laimar kansa zai dinga aunawa ya yi ta kashe kansa.

Sai saiti, kuma nan ma ka kula sosai. Ana son laimar gida tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, amma a garinku da sanyi yake kai digiri 20 ko 30 ƙasa da sifili dole ka sauke laimar zuwa wajen kashi 20 ko 25, in ka ga ruwa na tsatsafowa a gilashin taga laimar ta yi yawa kenan, kuma wanda ba ka gani yana shiga cikin bango ya kawo funfuna. Ka tabbata tiyon zubar da ruwa ya gangara zuwa magudana bai lanƙwashe ba, ka canza fanel ɗin ruwan ciki duk shekara saboda gishirin ruwa yana toshe shi, lokacin zafi kuma ka rufe dampa (ƙyauren bututun iskar injin) da famfon. In gidan haya ne a nemi izinin mai gida tukuna.