Amsa ga yarona a kan sautin Yazoo

Jiya ka tare ni da waya a hannu kana cewa, "Oga, yaya aka yi kiɗan Yazoo yake fita fes haka, ni kuwa na zuba sauti ashirin a kwamfuta amma nawa ya dagule kamar fate?" Ban amsa maka nan take ba saboda tambayar ta fama mini wani miki. Yanzu ka buɗe kunne.

Yazoo ƙungiyar kiɗa ce ta mutum biyu kacal, dukansu 'yan garin Basildon a Ingila. Vince Clarke ya bar ƙungiyar Depeche Mode a ƙarshen 1981 bayan faifansu na farko, ya haɗu da Alison Moyet, wadda ta taso tana rera waƙoƙin blues da murya mai kauri. A ƙarƙashin kamfanin Mute suka fitar da Only You a 1982, ta kai ta biyu a jerin waƙoƙin Birtaniya, Don't Go ta biyo baya ta kai ta uku. Faifan farko, Upstairs at Eric's, sunan injiniyansu Eric Radcliffe na situdiyon Blackwing a Landan ya ci. Ka lura da wannan, sunan mai zama a gaban mikisa aka sa wa faifai. Na biyu, You and Me Both, ya fito a 1983 ya hau na ɗaya, amma kafin ya iso kasuwa sun riga sun raba gari. Clarke ya kafa ƙungiyar Erasure da Andy Bell a 1985, ita kuma ta ci gaba ita kaɗai. A Amurka Yaz ake kiransu.

Abin da ya sa kiɗan yake fes shi ne ƙarancin kayan aiki. Babban makamin Clarke a lokacin Pro-One ne na kamfanin Sequential Circuits, sintisaiza mai fitar da sauti ɗaya tak a lokaci guda. Ka danna maɓalli uku tare, ɗaya za ka ji. Saboda haka in ana son sauti uku su tashi tare, sai a ɗauki kowanne a layinsa na tef. MIDI, wato tsarin da na'urorin kiɗa ke aika wa juna umarnin abin da za a kaɗa, bai fito ba sai 1983, don haka da lambobi ake shigar da kowane sauti a na'urar jerawa irin Roland MC-4: kaifinsa ko kaurinsa, lokacin shigarsa, daɗewarsa. Wanda ya sha wannan wahalar ba zai ƙara layin da ba shi da aiki ba. Ku kuwa yaran yanzu kun saba da fiyanon Yamaha PSR, ku danna salo ɗaya ganga da bes da goge su zubo muku gaba ɗaya, sannan ku zo kuna tambayar inda muryar mawaƙi ta ɓace.

Ga yadda za ka haɗa bes ɗin a Pro-1 ɗin Behringer da ke kan tebur, wanda kwafin waccan na'urar ce. Kunna ta ka bar ta minti 20 ta yi ɗumi, in ba haka ba sautin zai riƙa zamewa kana tsakiyar ɗauka. Osileta, wato sashen da ke samar da ɗanyen sauti, guda biyu ce: ta farko ka sa ta a siffar sauti ta haƙorin zarto, ta biyu a mai kusurwa huɗu, ka sauke ta oktaf ɗaya, ka goce ta kaɗan ƙwarai har ka ji suna gogar juna a hankali. Rufe filta, wato matatar da ke rage kaifin sauti, ya rage kamar kashi ɗaya cikin uku. Tashin sauti ya zama sifiri, faɗuwarsa gajere, wajen milisakan 200, riƙonsa ƙasa sosai. Wannan gajartar ce ke barin rami tsakanin bugu da bugu, kuma a ramin nan murya take numfashi. Duk layin da ba bes ba, yanke masa abin da ke ƙasa da 150 Hz. Layi biyar ko shida sun isa waƙa. Yadda ake jona waya da saita matakin shiga kuwa, in har yanzu sai na koya maka, to zaman banza kake yi a nan.

Yanzu mikin. Na'urar nan ba ta da ƙwaƙwalwar ajiya. Inda maɓallan suke, nan sautin yake. Aka murɗa ɗaya, ya tafi. Wani mawaƙi ya kawo aikin waƙa uku yana son irin wannan sautin, aka yi ciniki naira dubu 150, ya ba da dubu 50 kafin alƙalami. Kwana huɗu aka yi ana neman bes ɗin waƙar farko har aka same shi, mai nauyi a ƙasa da ɗan kaifi a sama. MIDI kawai aka ajiye a kwamfuta, ba a ɗauki sautin kansa ba, da nufin sai ya sa murya a ga ko za a canza maki. Ya roƙi a tura masa gwajin mikisin a filashi wai zai yi bita a gida, aka ba shi cikakkiyar waƙa ba ko alama a kanta. Da daddare yaron da ke aikinka a lokacin ya zauna yana wasa da na'urar, ya murɗe komai. Mako guda aka yi ana ƙoƙarin dawo da sautin. An zo kusa, amma kusa ba ta kai ba, domin gocewar osileta biyu da gashi ɗaya ta isa ta canza komai. Mutumin ya zo ya saurara, ya girgiza kai ya ce ba abin da ya biya ba ke nan, ba zai cika ba. Bayan wata biyu sai ga waƙar tana tashi a shagon masu tura waƙoƙi a waya, da ainihin bes ɗin nan na filashi, an lafta wa muryar Auto-Tune a wani situdiyo, an kuma ambaci sunan wancan situdiyon a farkonta. Dubu 100 ta tafi, da mako uku na man janareto, amma sunan nan da aka kira shi ya fi ci mini rai har gobe.

Saboda haka a ɗakin nan, da zarar sauti ya zauna, ka ɗauke shi a matsayin odiyo nan take, 24-bit, kololuwarsa kada ta wuce -6 dB, busasshe ba eko, sannan ka ƙara ɗauka a maki ɗaya sama da ɗaya ƙasa ko da mawaƙi zai canza. Ka ɗauki hoton fuskar na'urar da wayar nan da ba ta barin hannunka, ka sa a jakar waƙar. Gwajin da zai fita ƙofar nan kuma minti ɗaya ne, da muryarka a kai tana faɗin sunan situdiyo kowane sakan 15, har sai an cika kuɗi.

Gobe da safe ka buɗe waƙar taka, ka kashe layi goma sha huɗu cikin ashirin ɗin nan, ka kira ni in ji shidan da suka rage.