Me ya sa na'urar awon fili ba ta ɗaukar taurari daidai wa daida?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina koyon awon filaye a nan Damagaram. Na'urarmu kan kama taurarin ɗan'adam fiye da 20, sai in ga ta yar da wasu, wasu kuma ta rage musu daraja. Ashe ba yawansu ke kawo daidaito ba? (Wani ɗalibi daga unguwar Birni)

Amsa: Yawwa ɗan'uwa. Yawa na da rana, amma ba kowane tauraro ake ba maganarsa nauyi ɗaya ba. Kamar shaidu ne gaban alƙali, ganau daban, jiyau daban.

Taurarin GPS suna can sama wajen kilomita 20,200. Na'ura na auna lokacin da saƙo ya ɗauka kafin ya iso, ta mayar da shi nisa. Huɗu sun isa a fitar da wuri. Da sun haura haka sai ka ga ba su yi baki ɗaya ba, dole lissafi ya raba musu nauyi.

Ma'auni na farko tsayi ne, wato digiri nawa tauraro ya ɗaga daga inda sama ta haɗu da ƙasa. Tauraron da ke bisa kanka, iska na jinkirta saƙonsa da kamar mita 2.4. Wanda ya sauko har tsayinsa ya koma digiri 5 kuwa ya ratso iska mai yawa, jinkirin ya haura mita 20, gyaransa ma ba ya cika. Ƙa'idar ita ce, in kuskure ya ninka biyu, nauyi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. A tsarin da aka fi bi, haka tauraron digiri 30 yake in an gwada shi da na bisa kai. Na digiri 10 kuwa, kusan ɗaya cikin 33 ya rage masa. Shi ya sa ake toshe na ƙasa da digiri 10 ko 15.

Sai dai ni ban yarda a tsaya kan tsayi kaɗai ba. Shiga lungunan Birni ka gani: tauraro na sama sosai, amma saƙonsa ya daki rufin kwano ko ɗaya daga manyan duwatsun nan kafin ya faɗo wa eriya. Hanya ta ƙaru, tsayi bai san an yi ba. A nan ƙarfin saƙo, wanda allo ke nunawa da C/N0, ya fi tona asiri. In manhajarku ta yarda, haɗa su biyun.

Kuma a yankinmu na kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu, saman iska kan hargitse bayan magariba, saƙo ya riƙa rawa. Awon da za a kafa iyakar fili da shi, yi shi da safe.