Katomaiza ta toshe, tana ƙauri: in wanke wa mai saye ko in canza masa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan waya a Abuja, bara na ƙara da sigarin lantarki saboda masu tambaya sun yi yawa. Wani dila ya sayar mini da kwalayen katomaiza da araha, wato kan nan da ake ɗaurawa a jikin batiri. Yanzu kusan kullum sai wani ya dawo da tasa, ya ce ta toshe ko tana ƙauri, in canza masa. Yaron shagona ya ce mu riƙa wanke musu da ruwan zafi muna karɓar ɗan wani abu. Wannan zai fitar da ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a nema. Wankin nan ba zai fitar da kai ba, kuma canjin kyautar da kake yi shi ne yake cinye maka riba. Bari in fara da abin da ke faruwa a cikin katomaizar, don idan ka gane shi sauran lissafin mai sauƙi ne.

Idan ka fasa ɗaya za ka ga siririyar waya a nannaɗe, an kewaye ta da wani abu mai kama da auduga, sai ƙaramin bututun iska a tsakiya. Audugar ce take shanye ruwan sigarin, wayar kuma ta yi zafi ta mayar da shi tururi. Ruwan haɗi ne na gilisarin da furofilin gilaikol, da nikotin, da kayan ƙamshi da na zaƙi. Biyun farko suna tashi su tafi. Kayan zaƙin da wasu kayan ƙamshin ba sa tashi duka, sai su dahu a jikin wayar, yau kaɗan gobe kaɗan, har su yi baƙi su kama kamar ƙanzon tukunya. Daga nan tururi ya ragu, zuƙa ta yi nauyi, ɗanɗano ya gushe. Ruwa mai duhu da mai zaƙi sosai sun fi saurin kawo wannan. Mai gilisarin da yawa kuma kauri gare shi, ba ya ratsa audugar da wuri, sai wayar ta yi ta zafi a bushe.

Wannan zafi a bushe shi ne asalin ƙaurin da suke kawo maka ƙara a kai. Audugar ce ta ƙone, kuma abin da ya ƙone babu ruwan da zai dawo da shi. Katomaizar da ta toshe kawai, ana iya jiƙa ta a ruwan zafi, a hure ta, a shanya ta kwana ɗaya ko biyu, ta ɗan farfaɗo. Amma ba ta komawa kamar sabuwa, audugar takan saki, wani lokacin wayar ma ta mutu gaba ɗaya a hannunka. Ranar da ta mutu a hannun yaronka, mai ita ba zai ce tsohuwa ce ba, cewa zai yi kun lalata masa, sai ka ba shi sabuwa. Ka ƙara da cewa abu ne da yake shiga bakin mutum. Ka tara na mutum biyar a kofi ɗaya, ka san wanne ne na wa? Ni ba zan so sunan shagonka ya fita da wannan ba. Kuma kada ka kuskura ka wanke tsohuwa ka sayar wa wani a matsayin sabuwa, wannan algus ne.

Yanzu lissafi. A ce kowace ɗaya ta tsaya maka naira 1,000, kana sayarwa 1,500. Ribar guda goma 5,000 ke nan. Idan mutum huɗu suka dawo ka canza musu kyauta, 4,000 ta fita, ka tashi da 1,000, ba a cire kuɗin haya da na yaro ba. Sa farashinka na gaskiya a wurin waɗannan ka gani, ina kyautata zaton abin da za ka samu ba zai yi nisa da haka ba. Kuɗin wankin kuwa dole ya yi ƙasa sosai da kuɗin sabuwa kafin wani ya yarda ya biya, ga jiran bushewa, ga rigima.

Katomaiza kayan ƙarewa ce, an yi ta ne ta yi kwanaki ko 'yan makonni a jefar. Masu sayenka ba su san haka ba, suna ganin sun sayi abu ya lalace, kuma ba laifinsu ba ne tunda ba a gaya musu ba. Don haka ka faɗa tun kafin kuɗi ya shiga hannunka, ka rubuta a kwali ka manna a kantar shago. Wadda aka gwada a gabanka ba ta kama ba, ka canza nan take, kai ma ka mayar wa dila. Wadda aka sha ta yi ƙauri, babu canji. Ka riƙa sayarwa a fakiti da ɗan ragi, mai saye ya tafi da ta canji a aljihu, ba sai ya dawo da fushi ba.

Sannan ka koya wa yaron bayanin minti biyu. A ɗiga ruwan a jikin audugar ta gefe, ba cikin bututun tsakiya ba. A jira mintuna ta jiƙu sosai kafin zuƙar farko. A ƙara ruwa tun kafin ta bushe, kada a yi ta zuƙa a jere babu hutu, kuma mai batirin da ake ƙara wa ƙarfi kada ya murɗa shi sama. Abin da za ku iya yi kyauta shi ne goge bakin batirin da tsinken auduga, domin ruwa da ƙurar aljihu suna taruwa a wurin, musamman da hunturu, mutum ya ɗauka katomaizar ce ta mutu alhali wuta ce ba ta wucewa.

Arahar da dila ya yi maka tana da dalili. Katomaiza ta yi tashenta a farkon shekarun 2010, tun daga nan masana'antun Shenzhen a China, inda ake ƙera yawancin kayan nan, suka karkata ga tankuna da ƙananan kawuna waɗanda wayar kaɗai ake canzawa. Tsohon yayi ka saya. Idan masu ruwa a ciki ne, zafin shago da daɗewa suna sa ruwan ya yi duhu ya canza ɗanɗano tun kafin a buɗe.

Akwai maganar da ba zan ɓoye maka ba. Nikotin yana kama mutum, kuma ruwan guba ne idan ƙaramin yaro ya sha, don haka ka ajiye shi inda hannu ba ya kaiwa. Ruwan nan masu zaƙi da suke toshe katomaiza su ne kuma suke jawo 'yan makaranta. Kada ka sayar wa wanda bai kai 18 ba ko da ya ce aiko shi aka yi, kuma kada ka ce wa kowa ba ya cutarwa. Hukumomi ma suna sauya doka a kansa: Indiya ta haramta sigarin lantarki a 2019, Birtaniya ta hana sayar da na sha-ka-yar daga Yunin 2025. Kaya irin wannan ba a zuba masa jarin da idan ya maƙale zai girgiza shago.

Kwalayen da suka rage, buɗe ɗaya daga kowanne ka gwada a makon nan. Wanda ya nuna alamar lalacewa ka kai wa dila ku sasanta, ko da kayan waya zai musanya maka. Masu kyau ka fitar da su a fakiti ko da riba kaɗan ce, kada ka sake saro wasu sai ka rubuta na wata guda: nawa ka sayar, nawa suka dawo, nawa ya rage maka bayan an cire komai.