Tambayi Likita: Hawan Tsauni da Iyali, Wa Zai Hau, Wa Zai Tsaya?

Saƙonni biyar na ware a wannan mako, dukkansu a kan fita yawon buɗe ido saman tsaunuka da yara da iyaye. Na sakaya sunayen masu tambaya kamar yadda muka saba.

Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a Hustan ta Amurka da maiɗakina da yara uku, babbar shekararta 11, autan 4. Muna son zuwa gandun tsaunukan Roki na jihar Kolorado a watan Yuli. An ce mana hanyoyin da suka zagaye tafkin Sprague da tafkin Bear ko tsohuwa za ta iya bi. Akwai abin tsoro?

Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ya ba ka labari gaskiya ya faɗa, hanyoyin nan biyu shimfiɗaɗɗu ne, kowace ba ta wuce kilomita ɗaya da ɗoriya ba. Abin da bai gaya maka ba shi ne inda suke. Tafkin Sprague yana kan tudu mai kimanin mita 2,650, na Bear kuma kusan 2,880, alhali Hustan daidai take da bakin teku. Oksijin kashi 21 cikin ɗari ne na iska a ko'ina, amma nauyin iskar yana raguwa in aka yi sama, har a mita 3,000 kowace shaƙa ba ta kawo wa huhu fiye da kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da take kawowa a ƙasa. Daga mita 2,500 ne ciwon tudu ya fi fara bayyana, galibi awa 6 zuwa 12 bayan isowa: ciwon kai, tashin zuciya, jiri, kasala, ƙin abinci, barci ya ƙi zuwa. Ƙarfin jiki ba ya hana shi. Matashi ɗan ƙwallo na iya kwantawa, kakarsa tana zaune lafiya lau.

Maganinsa haƙuri ne da hanya. Ku kwana a Denba, babban birnin jihar, mita 1,600, sannan ku yi kwana biyu a garin Estes Park, kusan mita 2,300, kafin ku nufi tafkunan. Titin Trail Ridge da ya kai mita 3,713 ku bar shi sai ranar ƙarshe, domin mota tana kai mutum sama cikin awa ɗaya, jiki kuwa kwanaki yake bukata. Inda aka kwana ya fi inda aka leƙa da rana muhimmanci.

Autan nan shi zan fi sa wa ido. Yaro ɗan shekara 4 ba zai ce maka kansa na sarawa ba. Za ka ga ya daina wasa, ya ture abinci, yana rigimar da ba ka san shi da ita ba. Kada a ce shagwaɓa ce. In alamun ba su yi tsanani ba, a tsaya a inda ake, a huta, a sha ruwa, a ba da farasitamol daidai nauyin yaro, kada a ƙara hawa sai sun wuce. Amma in wani ya fara tangaɗi kamar mai maye, ko magana ta rikice masa, ko yana haki alhali a zaune yake, ko tari ya zo da kumfa mai jaja-jaja, to ruwa ne ya fara taruwa a ƙwaƙwalwa ko a huhu. A sauko da shi nan take ko da tsakar dare ne, a nufi asibiti. Saukar mita 500 zuwa 1,000 kan kawo sauƙi ƙwarai.

Ƙwayar asetazolamid da ake sha don rigakafi ba na ganin kuna bukatarta in kun bi wannan tsari, kuma ba abar saya da ka ba ce. Ku fita da sassafe, ku bar fili marar itatuwa kafin sha biyun rana, domin a Yuli da Agusta hadari da aradu sun saba tasowa can da yamma.

Likita, ni uwa ce a Kano. Ɗana mai shekara 9 yana da sikila, SS ne. 'Yan'uwansa za su je Mambilla wajen kawunsu a Gembu, har ana maganar shiga gandun Gashaka-Gumti. Kullum shi ake bari a gida, ya ishe ni da kuka. In bar shi ya je?

Hajiya, na ji wannan tambaya har cikin raina, domin na san yadda yaran nan ke ji in ana ta cewa "kai ban da kai". Bari in raba miki tafiyar gida biyu.

Abubuwa huɗu ne suka fi tayar da ciwon sikila: ƙarancin oksijin, sanyi, ƙarancin ruwa a jiki, da wahalar da ta wuce kima. A kan tsauni dukkansu suna haɗuwa lokaci ɗaya. In oksijin ya yi ƙasa, jajayen ƙwayoyin jinin mai SS sukan lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan ciwon ƙashi ko na ƙirji ya taso. Kano tana ƙasa da mita 500. Tudun Mambilla kuwa matsakaicinsa kusan mita 1,600 ne, kuma duk mita 1,000 da aka hau zafi na raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Yaron da ya saba da Kano zai ji daren Gembu har ƙashinsa.

Zama a gari wajen kawu abu ne da za a iya tattaunawa. Ki kai shi asibitin da yake zuwa makonni kaɗan kafin tafiya, a auna yawan jininsa, a duba ko ya jima ciwon bai tashi ba. In ya taɓa kwanciya saboda ciwon ƙirji, ko ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko an yi masa ƙarin jini kwanan nan, ni dai ba zan ba da shawarar tafiyar ba. In likitansa ya amince, ya tafi da magungunansa cif, da rigunan sanyi, safa da hula, da gorar ruwa da ba ta rabuwa da hannunsa. Kwana biyun farko hutu ne kawai. Bayan nan zai iya zagaya gonakin shayi na Kakara a hankali, ya ga shanu a kan tuddai masu ciyawa, ya dawo da labarinsa shi ma. Kada ruwan sama ya jiƙa shi, kada ya shiga ƙorama mai sanyi. Kawun kuma ya san asibitin da za a nufa tun kafin bukata ta taso, ya san cewa zazzaɓi, ciwon ƙirji, haki, ɗashewar tafin hannu ko kumburin ciki ta hagu ba a kwana da su a gida.

Hawan Chappal Waddi da ke cikin gandun Gashaka-Gumti kuwa, tsauni mafi tsawo a Najeriya mai mita 2,419, a'a. Tafiyar ƙafa ce ta kwanaki a daji, nesa da oksijin, nesa da ƙarin jini. Wannan ba na mai SS ba ne, haka ma mai nau'in sikila na SC, wanda saifarsa ta fi saurin samun matsala a tudu.

Ki kuma gwada sauran yaran in ba a yi ba. Kusan mutum 1 cikin 4 a Najeriya AS ne, mafi yawansu ba su sani ba. Mai AS lafiyayye ne, yana iya hawa, amma an sha ganin jini ya toshe a saifar wasunsu idan suka yi sama da mita 2,000 da gaggawa. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, wani lokaci har kafaɗa. Wanda ya ji haka ya sauko, ya gaya wa likita cewa shi AS ne kuma daga tudu yake. Malamin Hustan, wannan magana ta shafe ka kai ma.

Ina da juna biyu wata biyar, ga kuma goyon ɗan shekara ɗaya da rabi. Maigida yana son mu hau duwatsun Shere da ke kusa da Jos. Zan iya?

'Yar'uwa, tsawon Shere bai kai mita 1,900 ba, don haka ba iska ce damuwata ba in awon cikinki lafiya yake. Mai hawan jini na ciki, ko zubar jini, ko ƙarancin jini sosai, ita kam ta haƙura. Damuwata santsi ne. Ciki yana sauya daidaiton tsayuwar mace, gaɓoɓi kuma suna saki, ga goyo a baya. Ki miƙa wa maigida yaron, ki bi gindin duwatsun, ki bar masu tsallen dutse su yi abinsu. Ku riƙa tunawa cewa mai tafiya yana zufa, wanda aka ɗauka kuwa ba ya motsi, sanyi na shigarsa shiru. A riƙa taɓa ƙafafunsa da bayan wuyansa.

Mahaifiyata tana da hawan jini, ni kuma ina da asma. Tudu zai cutar da mu?

In jinin Hajiya yana daidai da magani, za ta iya zuwa wurare irin su Jos ko Mambilla. Yakan ɗan hau a kwanakin farko, don haka ku tafi da na'urar awo, kada ta tsallake magani. In tana kumburin ƙafa, ko haki in ta kwanta, ko ƙirji na riƙe ta in ta hau bene, sai likitan zuciya ya gan ta tukuna. Kai kuma tsawon wurin ba shi ke tayar da asma ba, busasshiyar iska mai sanyi ce da saurin tafiya. Ka rufe hanci da mayani, abin shaƙarka kuma ya zauna a aljihun ƙirji, ba a ƙasan jaka ba.

Mun dawo daga Gashaka kwana goma da suka wuce, yanzu 'yata tana zazzaɓi da gudawa. Mun sha ruwan ƙorama don garau yake. Ko ciwon tudu ne?

Ba shi ba ne. Ciwon tudu yana wucewa da an sauko, kuma ba ya jiran kwana goma. Ƙasan gandun, wajen Serti, wurin sauro ne, kuma zazzaɓin cizon sauro kan bayyana daga mako ɗaya zuwa sama bayan cizo. A kai ta a yi gwajin jini yau, a duba bayan gida kuma, domin ruwa garau na iya ɗauke da ƙwayoyin cuta daga kashin shanu da namun dawa da ke sha a sama. Kafin ku isa, a riƙa ba ta ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. In ta yi wanka a rafi, ku faɗa wa likitan, saboda tsargiya kan ɗauki makonni kafin a ga jini a fitsari. Wani karon a tafasa ruwa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, sama da mita 2,000 kuwa minti uku, domin a can ruwa yana tafasa tun bai kai digiri 100 ba. Allah Ya ba ta lafiya.