Ba a sauke giyabos don disk kaɗai

Ɗana, tambayarka ta iso ni. Ka ce kulocin Hilux ɗin kawunka yana sulɓewa, in an taka mai sai injin ya yi ta kuka mota ba ta gaba. Kana so ka sauke giyabos a tsakar gida tunda babu rami, ka sa sabon disk, wato faifan kuloci, shi kaɗai don a rage kuɗi. Da ban amsa ba, don ku yaran yanzu kun ga abu sau ɗaya a waya kun zama makanikai. Amma wannan magana ta "disk kaɗai" ta taɓa mini wani tsohon miki.

Wani ɗan kasuwa ne a nan Garwa, mai jigilar albasa daga Marwa zuwa Ngaundere. Ya kawo mini Hilux irin taku, da disk ɗinsa a kwali, wai ya saya da araha a hannun wani da ya shigo da kaya daga Mubi. Na sauke giyabos, na leƙa, sai ga baƙin mai yana tsatsafowa daga sil ɗin bayan injin, wato robar da ke tare mai, ya jiƙa ƙasan fulawil, faifan ƙarfen nan da disk ke mannewa a jikinsa. Boris ɗin kuloci kuwa in ka juya shi da yatsa kana jin yashi a ciki. Na kira shi, na kama hannunsa na ɗora a wurin, yatsansa ya fito baƙi ƙirin. Na ce Alhaji, sil da boris da farantin da ke matse disk duk a canza su yanzu da ƙofa take buɗe. Kuɗin sil bai taka kara ya karya ba, wahalar isa gare shi ita ce tsadar. Ya ce ni dai in sa masa abin da ya kawo, makanikai ba su da aiki sai ƙirƙiro cuta. Na faɗa, na sake faɗa a gaban yarana, ya ce motarsa ce. Na ɗaura. Da zai tafi ya ce a ba shi tsohon disk ɗin, wai yaransa za su sayar wa masu gwangwan.

Ba a daɗe ba ya lafta mata albasa har sifirin ya miƙe, direbansa ya kama hawan dutsen nan na kafin Ngaundere ƙafa a kan kuloci. Mai ya riga ya jiƙa disk, ga lodi, ga hawa. Nan ta ƙone, albasa ta kwana a rana. Wani ya gyara musu a can. Sai ga Alhaji a ƙofar garejina da mutane, riƙe da tsohon disk ɗin nan da na ba shi da hannuna, yana rantsuwa wai shi aka ciro daga motar, wai na sace sabon na mayar masa da tsoho.

Duk wanda ya san ƙarfe zai gane ƙarya ce. Disk ɗin da ke hannunsa busasshe ne, ya cinye har kan ƙusoshinsa sun fito suna sheƙi. Wanda ya ƙone cikin mai baƙi yake fitowa, da santsi, da wari. Na bayyana wa dattawan da suka zauna kan maganar, amma wa zai saurari mai baƙin hannu a gaban mai babbar riga? Aka ce in yi haƙuri a rufa asiri. Na biya kuɗin disk da faranti daga aljihuna, na biya ladan wanda ya gyara a Ngaundere, har da wani abu na albasa. Kuɗin bai dame ni kamar sunan ɓarawo da aka liƙa mini ba, ni da ko ƙusa ban taɓa ɗauka a motar mutum ba. Masu motoci da dama suka daina zuwa a shekarar. Har yau in na gan shi a masallacin Juma'a sahu nake canzawa, kuma ban yafe ba.

Tun daga ranar, duk kayan da zan sa sai na buga masa alama da fonci a gaban mai mota, tsohon kuma in sare shi biyu kafin ya bar garejin. Wanda ya ƙi canza abin da na nuna masa, ya tura motarsa gaba. Kawunka ma haka za ka yi masa, zumunci ba ya hana mai zuba.

To, aikin. Cire batir, furofela, sitata, sandar giya da sauran tarkace ba zan tsaya koya maka ba. In ba ka iya waɗannan ba me ka zauna yi a wurina? Ka dai yi wa furofela, sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa ƙafafun baya, alama kafin ka kwance, ta koma yadda take, in ba haka ba mota za ta riƙa karkarwa.

Abin da ke kashe mutum a gida shi ne ƙasa. Tsakar gidajenmu rairayi ne, jak yana nutsewa a hankali ba ka sani ba. Kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak, kada ka ɗora ta kan bulon siminti, yana fashewa ba sallama. Kututturen itace mai faɗi, katako a ƙarƙashinsa, ƙafafun da ke ƙasa a tokare su da dutse gaba da baya. Ka tallafi bayan injin kafin ka cire ƙarfen da ke riƙe da giyabos. Nauyinta ya kai buhun siminti, mai fowil ta fi haka nesa, saboda haka ku zama biyu, kuma ba a kan ƙirji ake karɓarta ba. Ku ja ta baya a miƙe har shaf, sandar gaban giyabos da ke shiga cibiyar disk, ya fita gaba ɗaya. In kuka bar ta ta rataya a kan shaf, wajen cirewa ko wajen mayarwa, cibiyar disk ta lanƙwashe ke nan.

In ka buɗe, kada ka hura ƙurar da baki ko da iska, tana lalata huhu. Tsumma mai jiƙe da fetur ya isa. Dubi fuskar fulawil: in ka ga shuɗi-shuɗi ko tsaga, sai an kai wa masu injin gyaran ƙarfe sun share. Taɓa ƙaramin boris ɗin da ke tsakiyarsa, wanda kowa ke mantawa. Sil kuwa ko ɗigo ɗaya ka gani, canza.

Disk yana da gaba da baya, yawanci an rubuta gefen da ke kallon fulawil. In babu rubutu, galibi gefen da cibiya ta fi tudu shi ke kallon giyabos. Ka daidaita shi a tsakiya da tsohon shaf kafin ka ɗaure faranti, ka riƙa ɗaure ƙusoshin kaɗan-kaɗan, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, ba ka murɗe ɗaya har ƙarshe ba. Giris ɗan kaɗan a haƙoran shaf, ka goge ragowar. Ku da kuke cusa giris kamar kyauta aka ba ku, shi zai fantsama kan disk ya maimaita abin Alhaji.

Wajen mayarwa ne ake gane mai haƙuri. In giyabos ta tsaya saura ɗan yatsa biyu ta ƙi shiga, haƙora ne ba su haɗu ba. Sa giya, juya bayan shaf kaɗan, girgiza ta, za ta zauna da kanta. Kada ka kuskura ka jawo ta da dogayen ƙusoshi, bakinta ƙoƙon alminiyom ne, tsagewa zai yi, kuma kafin a samo wani daga Duwala kawunka ya gaji da tafiya a ƙasa.

Ka fara da asuba, don rana in ta take a garin nan ƙarfe ba ya taɓuwa. Ka zo ka karɓi tsohon shaf ɗin da ke rataye bayan ƙofar sito, ka dawo mini da shi a goge. In kawunka ya tsaya kan disk kaɗai, ka ce masa ni na hana ka taɓa motar.