Na girka openpyxl amma VS Code na cewa babu shi: ina gizo ke saƙar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A Agege nake zaune, ina koyon Python da daddare in na taso daga shagon kawuna a kasuwar Mile 12. Ina haɗa ɗan shirin da zai riƙa lissafa mana bashin kwastomomi, amma abu uku sun tsaya mini a wuya. Na girka openpyxl (kunshin Python na aiki da fayilolin Excel) da pip, manhajar girka irin waɗannan kunshin, ya ce ya shiga, amma da na danna Run a VS Code sai in ga ModuleNotFoundError. Na biyu, fayil ɗina `gwaji/gwada.py` ya ƙi ganin foldar `lissafi`, alhali duka suna cikin foldar `shago`. Na uku, mabuɗin API (lambar sirrin da shirina ke shiga wani shafi da ita) da na sa a fayil ɗin `.env` yana aiki in na danna F5, amma da Run sai ya ba ni None. Laftof ɗin na hannu ce, a kasuwar Computer Village ta Legas na saye ta. Ko in goge komai in sake girkawa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka goge komai, datarka kawai za ka ƙona. VS Code edita ne, wato manhajar rubuta shiri, ba shi ke gudanar da shirinka ba. Aikinsa ya kira Python ya miƙa masa fayil, shi ke nan. Don haka Python ɗin za mu tambaya da bakinsa. Liƙa wannan a saman fayil ɗinka:

`import sys, os`
`print(sys.executable)`
`print(os.getcwd())`
`print(sys.path)`

Gudanar da shi da Run, sannan da F5, sannan daga taminal, wato tagar da ake buga umarni. Layin farko na sakamakon zai faɗa maka wane Python ne ya amsa kira, na biyu foldar da yake tsaye a ciki, na uku jerin wuraren da yake leƙawa in ka ce masa import. Kwatanta sakamakon uku, za ka ga inda suka raba hanya.

Matsala ta farko ita ce mai sauƙi. Laftof ta hannu sau da yawa tana zuwa da abin da mai ita na da ya bari: wani Python daga Microsoft Store, wani a cikin Anaconda (manhajar da ke zuwa da nata Python), ga kuma naka. Kowanne da rumbunsa da ake kira `site-packages`. Pip ɗin da ka kira ya zuba openpyxl a rumbun ɗaya, VS Code kuma yana kiran wani. Buga `pip --version`, layin zai nuna maka folda da lambar fitowar Python ɗin da yake yi wa aiki. In bai yi daidai da abin da `sys.executable` ya nuna ba, ka kama ɓarawon. Daga yau ka riƙa rubuta `python -m pip install openpyxl`, domin wannan yana girkawa ne a cikin Python ɗin da ka kira da kanka.

Abin da ya fi haka ma, ka ba kowane aiki nasa keɓaɓɓen muhalli. A cikin `shago` buga `python -m venv .venv`, venv yana tare da Python tun fitowar 3.3 a 2012, ba sai ka sauko da komai ba. Sai ka danna Ctrl+Shift+P, ka nemi `Python: Select Interpreter`, ka zaɓi na `.venv`. Rufe tsohon taminal ka buɗe sabo, ka sake girka openpyxl a ciki.

Ta biyun ce take buƙatar zama, don ita ke wahalar da har waɗanda suka daɗe a harkar. In ka gudanar da fayil da sunansa, wato `python gwaji/gwada.py`, wanda shi ne abin da maɓallin Run ke yi, Python yana sa foldar da fayil ɗin yake ciki a farkon `sys.path`. Lura da kyau: foldar fayil ɗin, ba foldar da ka buɗe a VS Code ba. Ke nan `gwaji` yake leƙawa, `lissafi` kuwa tana waje, a gefenta. Kai kana ganin su kusa da juna a gefen allo, shi ba ya gani.

Maganin gaggawa: ka tsaya a cikin `shago` ka buga `python -m gwaji.gwada`, da ɗigo a tsakani, ba `.py` a ƙarshe. Da `-m`, foldar da kake tsaye a ciki ce ke shiga farkon jerin, sai `lissafi` ta bayyana. Magani mai ɗorewa kuma shi ne ka rubuta ɗan fayil ɗin `pyproject.toml`, mai bayyana wa pip aikinka, a `shago`, ka buga `python -m pip install -e .` sau ɗaya. Daga nan Python na `.venv` zai san aikinka ko daga ina ka kira shi, kuma duk gyaran da ka yi zai fito nan take.

Za ka ci karo da masu ba ka shawarar PYTHONPATH, saitin da ake jera foldojin da Python zai ƙara leƙawa. Yana aiki, sai dai ka tuna Windows da `;` yake raba hanyoyi, Linux da macOS kuma da `:`. Wasu za su ce ka zuba `sys.path.append` a saman kowane fayil. Ni ba na son wannan ko kaɗan, domin ranar da ka tura wa abokinka aikin a Yaba, hanyar `C:\Users` taka ba ta cikin tasa kwamfutar. Akwai kuma wani tarko: saitin `python.analysis.extraPaths` na Pylance ne kawai, mai ja wa import layin gargaɗi a ƙasa. Layin zai ɓace, ranka ya yi sanyi, amma Python bai san an yi ba.

Af, duba ko ba ka sa wa wani fayil naka suna irin `random.py` ko `openpyxl.py` ba. Tunda foldarka ce a gaban jerin, naka zai tare na asalin.

Saura `.env`. Python ba ya karanta wannan fayil da kansa. `os.getenv` yana duba bayanan muhallin da aka miƙa wa shirin lokacin tashinsa ne kaɗai. F5 na tayar da mai bin diddigin kuskure, shi kuma yana karanta `.env` na babbar foldar aikin ya miƙa wa shirinka. Run kuwa ta taminal yake bi, kuma ko taminal zai samu abin da ke `.env` ya danganta da saiti da kuma fitowar ƙarin Python (extension) da ke kan VS Code ɗinka. Kada ka dogara da edita a nan. Girka python-dotenv, ka sa `from dotenv import load_dotenv` da `load_dotenv()` a sama, kafin ka kira `os.getenv`. Da haka shirin zai yi aiki ko a kwamfutar da ba ta da VS Code.

In har yanzu None kake gani, duba sunan fayil ɗin. Windows na ɓoye wutsiyar suna, Notepad kuma ya iya ajiye shi a matsayin `.env.txt` kai kana ganin `.env`. Buga `dir` a taminal ka ga ainihin sunan. Sannan `load_dotenv()` ba ya taɓa sunan da ya riga ya kasance a muhalli; in tsohon mabuɗi ne ke ta fitowa, rubuta `load_dotenv(override=True)`.

Bayanan muhalli kamar guzuri ne: ana ba matafiyi a bakin ƙofa, abin da aka dafa bayan motarsa ta bar Legas ba zai same shi a hanya ba. Kowane shiri yana gadar kwafinsu daga wanda ya tayar da shi. Shi ya sa in ka yi amfani da umarnin `setx` ka sauya su, ko ka gyara PATH (jerin foldojin da ake neman manhajoji a ciki) a saitin Windows, sabon taminal a cikin VS Code ba zai gani ba, tunda daga VS Code ɗin da ke buɗe yake gado. Sai ka rufe duk tagoginsa ka sake buɗewa. In kuma daga wani tsohon taminal kake buga `code .`, shi ma rufe shi.

Kafin ka ɗora aikin a GitHub, shafin ajiye ayyukan shiri, rubuta `.env` da `.venv` a cikin `.gitignore`, jerin abubuwan da ba za a ɗora ba. In ka riga ka ɗora mabuɗin, goge fayil ɗin bai wadatar ba, yana nan a tarihin git. Shiga shafin waɗanda suka ba ka shi ka soke shi, ka karɓi sabo.