Yaya ƙungiyoyi za su haɗa hannu su yaɗa shirin lafiyar tsofaffi?

Tambaya: Ƙungiyarmu na gudanar da ajin motsa jiki na dattawa, kuma yana tafiya daidai. Yanzu wani asibiti da ƙungiyoyi biyu sun nemi mu haɗa hannu a faɗaɗa shi. Ta ina za mu fara?

Amsa: Ku fara da rabon aiki a rubuce, kowane aiki da sunan mai shi: wa zai horar da jagororin aji, wa zai kawo mahalarta, wa zai ba da ɗaki, wa zai riƙe rajista. Aikin da aka bar wa "kowa" ba wanda zai taɓa shi.

Inda abin ya fi lalacewa shi ne tsakanin asibiti da aji. Likita ya ce wa tsohuwa ta je motsa jiki, ya miƙa mata takarda, ta ninke ta jefa a jaka, shi ke nan. Gara asibiti ya aiko muku da sunanta da lambar waya bayan ta amince, mutum ɗaya ya kira ta cikin mako guda, ya kuma tambaye ta yadda za ta iso. Sannan a sanar da likitan ko ta zo. Likitan da ba ya jin labari, daina turowa yake yi.

Sai matsalar gutsure shiri. Misali, shirin da Jami'ar Stanford ta Amurka ta tsara don masu cuta mai daɗewa mako 6 ne, awa biyu da rabi kowane mako, da jagorori biyu. Sabuwar ƙungiya za ta ga ya yi tsawo, ta mayar da shi zama 3 da jagora ɗaya. Sunan yana nan, amma ba shirin da aka gwada ba ne. Harshe da lokaci da wuri duk ana iya sauyawa. Yawan zama da abin da ake koyarwa kam, a bar su.

Aji ɗaya a mako kuma ba ya isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai shekara 65 zuwa sama yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da atisayen ƙarfi da daidaita tsayuwa aƙalla kwana 3. Don haka ku ba kowa takardar atisayen gida mai hotuna.

A horar da jagorori uku a kowane wuri, don ɗaya zai iya barin aiki. A rajista kuwa, ku ƙirga waɗanda suka kammala, ba waɗanda suka rubuta suna ba. A tsarin Stanford sai mutum ya halarci zama 4 cikin 6 ake cewa ya kammala.